Masu Zaɓen Ƙananan Jam'iyyu a Amurka

Da zarar zaɓe ya ƙarato a Amurka, 'yan Democrat kan tuna wa masoya ƙananan jam'iyyu abin da ya faru a zaɓen shugaban ƙasa na 2000. A jihar Florida, George Bush ya kayar da ɗan takararsu Al Gore da ƙuri'u 537 kacal, alhali Ralph Nader na jam'iyyar Green ya samu sama da 97,000. Hujja ce mai ƙarfi, tunda wanda ya zo na ɗaya a Florida shi ke kwashe wakilanta masu zaɓen shugaban ƙasa kaf.

Sai dai gori ba ya jawo ƙuri'a. Mutanen nan manyan jam'iyyun ne suka gundure su. Mai son su dawo, sai ya ɗauki wasu buƙatunsu, kamar kare muhalli da rage tasirin manyan kamfanoni a siyasa, ya sanya cikin alkawuransa.