Uwargida, Kafin A Daki Yaro, Duba Rimot

Wata 'yar'uwa daga Gaya ta aiko cewa rimot ɗinsu, irin mai kama kowace talabijin, ya ƙi aiki, har maigida ya zane yaro. Haba! Sau da yawa ba laifin kowa ba ne.

Fara da batir. Kada ki haɗa sabo da tsoho, kuma don Allah a daina cizonsa. In kin ga farin gari a jikin ƙarfen, batir ne ya zubar. Goge da busasshen tsumma, ki wanke hannu.

Sannan kunna kyamarar waya, ki nuna mata bakin rimot, ki danna. Yawancin wayoyi za su nuna ɗan haske yana ƙiftawa. In kin gan shi, rimot na da rai. Duba ko lulluɓin talabijin ko ƙurar hunturu ta rufe idonta.

Wani kuma yakan manta lambar talabijin bayan an canza batir. Lambar tana takardar da ya zo da ita, kada a ƙulla gyaɗa da ita!

Allah ya bar mu da zaman lafiya.