Jawabi a Taron Makiyaya na Tamale: Kaskar Kare da Gwajin Jini



Kullum zancenmu kaskar shanu ne da kircin da take jawowa. Yau ta kare za mu yi, shi da ke gadin ruga muna barci. Kaskarsa, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa, tana sa masa wata ƙwayar cuta a jini, likitoci na ce mata Ehrlichia canis. Sai ka ga kare ya ƙi abinci, jiki da zafi, dasashi ya yi fari, wani har haɓo yake yi. To sammore ma haka yake farawa, don haka ido kaɗai ba ya raba gardama.

A ɗakin gwaji, irin na Pong-Tamale kan hanyar Bolga, ana shafa jinin a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Amma ƙwayar takan ɓuya, sau da yawa ba a ganinta. Gwajin da ake kira PCR shi ke kamo ta ko da kaɗan ce, sai dai ya fi tsada.

Roƙonmu, kada mu riga likita da allurar Terramycin, kamar yadda muka saba. Takan rage ƙwayar, gwaji ya fito babu kome alhali cuta tana nan. A fara ɗibar jini tukuna. In an tabbatar, doxycycline ake ba shi har kwana 28, ba kwana uku ba. Sannan a bi makwancinsa da tsagogin bango da magani, nan kaskar ke yin ƙwai.