Maƙiya Biyu Waɗanda Ido Ba Ya Gani

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon Malamin Tsabta ya yi a wurin taron tunawa da ma'aikatan En'e, musamman 'yan lamba da duba-gari da malaman asibiti.

Bayan ya gai da Wakilin Sarki da hakimai da sauran jama'a, sai ya ce mutanen nan da a ke tunawa da su sun yi shekaru suna fama da maƙiyan da yawancinsu ba su taɓa sa wa ido ba, saboda haka ya kamata 'ya'yansu da jikokinsu su san maƙiyan. Ƙwayoyin cuta iri iri ne, amma biyu ya ɗauko, watau bakteriya da bairas, don rashin bambanta su yana jawo hasarar dukiya da ta rai.

Ya fara da bakteriya. Ya ce ita halitta ce mai rai, tana ci tana girma, ga ta kuwa da ganuwa kewaye da jikinta. Ƙanƙantarta ta kai sai an jera kamar 1,000 kafin su cika milimita guda. Wani mai sayar da yadi a Delft ta ƙasar Holan, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinta cikin 1676 da madubin da ya gyara da hannunsa. Haihuwarta ita ce ta rabe biyu, waɗansu ma kowane minti 20, har guda ɗaya ta iya zama fiye da miliyan 2 cikin sa'a 7 in ta sami abinci da ɗumi. Ba dukansu ne mugaye ba, don su ke mai da madara kindirmo, su ke nunar da daddawa. Amma a cikinsu a ke samun ta kuturta, wadda Hansen ya gano a Norwe cikin 1873, da ta tarin fuka, wadda Koch ya gano a Jamus cikin 1882.

A cikinsu kuma akwai mai kawo annobar sanƙarau. Takan zauna a maƙogwaron mai lafiya bai sani ba, yana ta raba wa jama'a ta wurin tari da atishawa. Da rani, in iska da ƙura sun busar da hanci da maƙogwaro, sai ta sami kafa ta shiga jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa, wuya ya sanƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ruwa ya sauka kuwa annobar takan lafa. Maganin M&B 693 ya fito cikin 1938, aka kuma sami fenisilin, wadda Fleming ya gano cikin 1928, ta wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aikin fenisilin shi ne ta hana bakteriya gina ganuwarta, sai ta fashe ta mutu. Duk da haka cikin 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, don magani ba ya amfanin wanda aka kawo a makare.

Sa'an nan ya juya ga bairas. Ya ce ita ba ta ci, ba ta girma, ba ta iya haihuwa da kanta. Ba kome ba ce sai ɗan umurni a naɗe cikin riga. Ya kwatanta ta da takardar ƙarya wadda aka cusa a ofishin Magatakarda, an rubuta a kanta a yi ta kwafarta, malamai suka bar aikin Sarki suka duƙufa, har takarda da tawada suka ƙare. Haka ta ke yi wa ƙwayar halittar jikin mutum, ta shiga ta sa ta ƙera ɗaruruwan irinta, su fito su kama na kusa. Cikin 1892 Ivanovsky na Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, ya ga ruwan bai daina sa cuta ba. Ba a ga siffar bairas sosai ba sai cikin 1939, da madubi mai aiki da lantarki. Tun da ba ta da ganuwar nan, fenisilin ba ta da abin da za ta rushe.

Agana bairas ce, mai tsananinta takan kashe kamar 3 cikin 10 na waɗanda ta kama, ta bar saura da zane, waɗansu da makanta. Ba ta da magani a zamanin En'e sai lamba, wadda Jenner ya soma a Ingila cikin 1796 da agana ta shanu. Lamba tana nuna wa jiki kamannin maƙiyi tun bai zo ba, ran da ya zo ya tarar an shirya. Wannan shi ne aikin da 'yan lamba suka yi ƙauye ƙauye, a ƙafa da bisa keke, zafin rana na ɓata musu magani a hanya, mutane na ɓoye musu yara. Da ya ke agana ba ta da mafaka sai jikin ɗan Adam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsananta yaƙi da ita daga 1967. Ta ƙare a Nijeriya cikin 1970, cikin 1980 kuma aka yi shelar ta ƙare a duniya duka.

Daga nan ya gargaɗi jama'a da abu biyu. Na fari, mura da ƙyanda bairas ne, mai shan kafso dominsu ya ɓad da kuɗinsa, ya kuma taimaki bakteriya mai taurin kai ta yaɗu, har ran da a ke bukatar maganin ya ƙi ci. Na biyu, kada wanda ya hana ɗansa allurar rigakafi, ta ƙyanda ko ta sanƙarau, don da irinta aka ga bayan agana. Wanda duk zazzaɓi ya kama da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti ran nan, kada a kwana.

Ya rufe da addu'a, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rigaya, ya sāka musu da alheri, ya ja zamanin Sarki, ya kiyashe mu annoba. Amin.