Gidan fari a ƙasar Kurfai: takardar fili ce mafarin taimako



Batun da ya tara jama'a a yau shi ne gidan da magidanci zai fara mallaka, da irin hannun da gwamnati ke sa masa. Tun kafin mulkin kai aka kafa Crédit du Niger don bayar da bashin gina gida, daga baya kamfanin SONUCI ya riƙa gina gidaje yana sayarwa. Amma galibin waɗanda suka amfana masu albashi ne mazauna Yamai. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, siminti da kwano suka yi tsada, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai fito ba. Dokar siyasar gidaje ta ƙasa ta fito a 1998, Bankin Gidaje na Nijar kuwa sai a 2018 ya buɗe ƙofarsa.

To, banki abu biyu yake tambaya: takardar albashi da takardar mallakar fili. Malamin makaranta yana da ta farko, sau da yawa ba shi da ta biyu. Ɗan kasuwar da ke sayar da shanu ko hatsi kuwa, ko da ya fi malamin samu, yakan rasa dukansu.

A ƙasar Kurfai ba a cika sayen gida ginanne ba. Magidanci kan gina nasa da tubalin ƙasa a filin gado, ɗaki ɗaya bana, katanga baɗi, da ribar kasuwa ko kuɗin cin rani. Irin wannan gida, komai kyansa, banki ba ya karɓarsa jingina in babu takarda.

Saboda haka taimakon da zai kai ga Bakurfaye daga fili zai fara. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu bayar da shaidar mallaka, yanka filayen gari kuma yana hannun hukumar gari. Wajibi ne a rage kuɗin waɗannan takardu, a kuma bayyana sunayen waɗanda aka ba filaye, don kada masu uwa a gindin murhu su kwashe. Sa'an nan a riƙa ba da bashi kashi-kashi, na tushe daban, na rufi daban, a karɓi shaidar cinikin ɗan kasuwa da biyan harajinsa a madadin albashi.

Duk wanda ya zo Filinge da alkawarin gidaje, a tambaye shi takardar fili tukuna. Allah ya ba kowa inuwar kansa.