Korona Da Jariran Da Aka Haifa A Lokacinta: Jawabi Ga Jama'ar Sabo



Maganar da ta tara mu yau ita ce ta 'ya'yanmu. Tun da korona ta shigo Nijeriya ta Legas ran 27 ga Fabrairun shekarar 2020 ba ta daɗe ba ta iso nan Ibadan, har gwamnatin Oyo ta buɗe wurin killace masu ita a Olodo. Mata da yawa sun yi goyon ciki a wannan lokaci, wasu sun yi zazzaɓi da tari, har yau kuma ana tambayarmu: shin cutar ta taɓa yaron?

To, ga abin da likitoci suka gano. A shekarar 2021 an fitar da sakamakon wani babban bincike da Jami'ar Okusfod ta Ingila ta jagoranta a ƙasashe 18, har da likitocin Nijeriya, ciki da na asibitin UCH da ke nan kusa da mu. An duba mata masu ciki 2,130, daga cikinsu 706 sun kamu. An tarar cewa mafi yawan jariran ba su ɗauki cutar ba. Haɗarin ya fi zuwa ne ta jikin uwa. Wadda ta kamu ta fi saurin samun hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga, ta kuma fi saurin haihuwa kafin cikar sati 37, wato bakwaini. Bakwaini kuwa huhunsa bai ƙosa ba, sanyi na saurin kama shi, tsotso na yi masa wuya.

Game da nono, jama'a, a kwantar da hankali. Binciken bai sami cewa shayarwa na sa wa jariri cutar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi uwa ta ci gaba da shayarwa ko da tana ɗauke da ita, sai dai ta wanke hannu ta rufe hanci da baki. Don haka kakanni, don Allah a daina matse dakashi ana zubarwa. Wannan nonon farko shi ne garkuwar yaro. A ba shi nono zalla wata 6, ba ruwa, ba jiƙo.

A watan Mayu na 2023 hukumar ta janye dokar ta-ɓaci kan korona, amma ƙwayar cutar ba ta ƙare ba. Saboda haka muna roƙon abu huɗu.

Na farko, maigida ya bar iyalinsa ta je awo, ya kuma ba ta kuɗin mota. Ga Adeoyo a Yemetu, ga UCH, ba nisa. Mai ciki in ta ji zazzaɓi, numfashi na sarƙewa, ko motsin ciki ya ragu, kada a tsaya sayen magani a kemis.

Na biyu, jaririn da ya ƙi kama nono, ko yake numfashi da sauri, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti ran nan, ba sai an yi suna ba.

Na uku, in bakwaini ne, uwa ta riƙa manna shi a ƙirjinta, fata da fata, a lulluɓe su. Ranar suna kuma mai mura ya yi barka daga nesa. Ba raini ba ne.

Na huɗu, yaran 2020 da 2021 yanzu sun isa makaranta. A duba katinsu na rigakafi, don a lokacin kulle wasu sun tsallake allura. Wanda bai cika ba a kai shi a cika. Wanda kuma maganarsa ko jinsa ya yi baya, a nuna wa likita, kada a ce ƙiwuya ce.

Kakanninmu sun zauna a Sabo tun 1916 da cinikin goro da shanu, suka bar mana unguwa. Mu kuma amanar da ke hannunmu ita ce waɗannan yara. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana abin da muka haifa.