Takardar mutum ɗaya, gida guda ke tashi

Ni yau maganar afektasiyo zan yi. Soja ne ko malamin lakwal, a ɗauke shi daga Yamai a kai shi Diffa, tafiyar fiye da kilomita 1,300. Sunansa kaɗai ke kan takarda, amma matarsa ce za ta bar 'yar sana'arta da adashinta, yara kuma su faɗa sabon aji shekara ta yi rabi. Roƙona ga hukuma: a riƙa fitar da canjin wurin aiki lokacin babban hutu, kafin a koma makaranta a Oktoba. Mu kuma, in baƙi sun sauka unguwarmu, mu raka su neman gidan haya da makarantar yara.