Gurbin Harza a Abincin Matashi Mai Neman Tsoka



Duk wanda ya leƙa wuraren ɗaga ƙarfe a unguwanninmu zai ji hirar ba ta wuce furotin. A ci ƙwai, a ci tsire, a sayi garin furotin na gwangwani in aljihu ya yarda. Ba su yi ƙarya ba, da furotin ake gina tsoka. Masana abincin 'yan wasa suna ba da shawarar giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato yaro mai kilo 60 zai nemi giram 72 zuwa 120. Abin da ya dame ni shi ne wanda aka kora daga kwano don furotin ya samu wuri, wato harza.

Harza ita ce sashen tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa. Tana cikin dusar gero da dawa, da ɓawon wake, da ganye, da 'ya'yan itatuwa. Nama ba shi da ita ko kaɗan, haka ƙwai da kifi da madara. To ku dubi yaron da ya karya da farin burodi da ƙwai a wurin mai shayi, ya ci taliya da rana, ya rufe da balangu. Furotin ya samu, amma bayan 'yan makonni sai ya fara kukan taurin bayan gida, yana yunƙuri a bayi, yana kuma yunƙuri a ƙarƙashin ƙarfe. Daga nan sai a ce basir ne, a nufi wajen mai jiƙo, alhali maganin yana cikin tukunyar gidansu.

Wata harzar takan sha ruwa ta yi yauƙi, irin ta kuɓewa. Ita ce ke rage saurin shigar sukari cikin jini, ƙarfin jiki ya daɗe bai faɗi ba. Wata kuma ba ta narkewa a ruwa, aikinta ƙara wa bayan gida auki da tura shi waje. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin babban hanji suna ci daga harza, su samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanjin. Likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura cewa cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba su da yawa a ƙauyukan Afirka, kuma a shekarun 1970 ya danganta hakan da yawan harza a abincin mutanen. Abin takaici, abincin da ya yaba shi ne yaranmu suke rainawa yau.

Harza nawa ake buƙata? A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 10 zuwa sama a samu aƙalla giram 25 a rana. A Amurka ana lissafin giram 14 ga kowane kalori 1,000. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da harza kusan giram 11 da furotin kusan 13, ga shi Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noman wannan wake. Sai dai ku lura, ƙosai da alale an surfe ɓawon, don haka garau-garau da faten wake sun fi su harza. A haɗa da kwaɗon zogale, da miyar kuka, da gyaɗa, da dabino.

Yanzu kashedi, kuma ina so masu horarwa su saurara da kyau. Harza ba ta gina tsoka, kuma tana cika ciki da wuri. Yaron da yake girma yana kuma atisaye yana buƙatar abinci mai yawa. In ka cika masa kwano da ganye, zai ƙoshi tun bai ci abin da jikinsa ke nema ba, ya yi ta wahala yana ramewa. Lokaci ma yana da muhimmanci. Wanda ya ci wake ya shiga fili nan take, kumburin ciki da murɗa ne za su tsayar da shi. Sa'o'i biyu zuwa uku kafin atisaye ko wasa, a ba shi abu mai sauƙi kamar shinkafa, ayaba ko kunu. Waken da ganyen su jira bayan an tashi, ko da dare.

Wanda bai saba da harza ba kada ya afka mata rana ɗaya. A ƙara sannu a hankali cikin makonni, a kuma sha ruwa sosai, domin harza babu ruwa ita ma tana ɗaure ciki, balle a zafin bazara da gumi ke zuba.

Roƙona ga masu horarwa shi ne, in kuna tambayar yaro kilo nawa ya ɗaga, ku tambaye shi me ya ci jiya, kuma ko bayan gida yana fita ba wahala. Kunya ba za ta bar shi ya fara faɗa muku ba. In kuwa ya ce yana ganin jini, ko ciwon cikin ya ƙi tafiya, a kai shi asibiti.